Katin da Ya Dawo Babu Shuni

Duk lokacin da na ga ɗayanku ya shiga shago da waya a hannu, ya danna sau uku ya fito yana cewa ya gama ɗaukar farashi, sai dariya ta kama ni. Kuna cewa aikin ba wuya, tambaya ɗaya ce: nawa ne? To, ni na yi shekara talatin ina yin wannan tambaya, kuma sai da na shekara huɗu a kanta kafin na gane ban iya ta ba. Ku gyara zama in gaya muku inda na koya. A Kura ne, wajen masu turkudi.

A farkon shekarun tamanin ofishin ƙididdiga ya ɗauke ni aiki, aka tura ni yankin Kura da Bunkure. Aikina shi ne duk wata in bi 'yan kasuwar da ke fitar da kaya ƙasashen waje, in rubuto farashin da suka sayar. Ba haraji nake karɓa ba, ni ba kwastam ba ne kuma, ko da yake sai da na shekara ina rantsuwa a kan haka. Abin da gwamnati ke so ta sani shi ne ko kayan da muke sayar wa na waje suna ƙara daraja ko faɗuwa suke yi. Kayan aikina ba su da yawa: babur ɗin ofis mai hayaƙi, jakar fata, allon katako mai maƙali, fensir biyu da rezar fiƙe su, da takardar kabon. Sai uban tafiyar, wato fom. Shafi goma sha biyu ne, kuma wanda ya tsara shi a Legas na tabbata bai taɓa tsayawa a gaban mutumin da ake yi wa lodi ba.

Fitata ta farko Bunkure muka je, ni da Malam Inuwa, dattijon da aka ce ya koya mini aiki kafin a mayar da shi ofis a Kano. Lokacin noman rani ya kankama, ruwa na gudu a kwalbatoci, tumatir ya yi yawa har ana yankawa ana shanyawa a gefen titi. Busasshen shi ake kira kauɗa, kuma akwai wani mutum da ke cika mota da ita yana kai wa Maraɗi. Muka tarar ana yi masa lodi. Na yi sallama, na zaro fom, na fara karantowa da murya irin ta ɗan makaranta: sunanka, sunan mahaifinka, ma'aikata nawa gare ka, sito nawa, na haya ne ko naka. Ina shafi na huɗu na ɗago kai, sai na ga ni da buhuna nake magana. Mutumin ya daɗe da komawa bayan mota.

Malam Inuwa kuwa yana gindin mangwaro yana shan rake, ko a jikinsa. Da na dawo ina huci sai ya miƙo mini gaɓa ɗaya ya ce, “Habu, kai kana tambaya albashinka yana tafiya. Shi yana amsawa cinikinsa yana tsaye. Wa ya kamata ya yi sauri a cikinku?”

A hanyarmu ta komawa ya ba ni abin da ya fi fom ɗin amfani. Kada in je wa mutum ranar lodi. Kada in tambaye shi farashi a gaban wani, ko da ƙaninsa ne. Kuma kaya ɗaya zan riƙa bi kullum, iri ɗaya, awo ɗaya. Wannan na ƙarshen sai da na sha kunya kafin ya shige ni. Wata biyu bayan haka na kai rahoto cewa kauɗa ta faɗi warwas, har ogana ya kira ni yana tambaya ko wani abu ya faru a Nijar. Ba abin da ya faru. Watan farko jar kauɗa mai tsabta aka gaya mini farashinta, wadda aka shanya a kan tabarma, na biyun kuwa baƙa ce mai ƙasa. Daga ranar na fara yawo da ambulan, kowane kaya da ɗan samfurinsa a ciki.

Babban mutum a jerin sunayena shi ne Alhaji Sabo na Kura. Ku yaran yanzu da yawa ba ku taɓa riƙe turkudi ba. Siraran saƙa ne ake haɗawa a ɗinke, a yi ta tsomawa a marina har ya yi baƙi wuluk, sannan a kai mabuga a shimfiɗa a kan gungume, a barbaɗa shuni, a yi ta dukansa da guduma ta itace har ya riƙa walƙiya. Sai a naɗe shi a takarda don kada ƙyallin ya tafi. Buzaye ne masu saye, daga Agadas da Tawa, don rawani da lulluɓi. Duk wanda ya taɓa shi sai hannunsa ya yi shuɗi. Idan ka doso Kura a ranar aiki, tun kafin ka kashe babur za ka ji bugun nan yana tashi daga unguwa, biyu-biyu, ba ya tsayawa sai lokacin salla. Masu rini da bugu suna da yawa a garin, amma wanda ke tara kayan ya sayar wa baƙin waje da yawan da ofis zai kula, kuma ya yarda a rubuta, Alhaji Sabo ne kaɗai. Idan ya daina amsa mini, turkudin Kura ya fita daga littafin gwamnati ke nan.

Don darajar Malam Inuwa yake haƙuri da fom ɗin nan, kuma da Malam Inuwa ya koma Kano haƙurin bai daɗe ba. Wata rana na same shi a zaure da baƙi uku, Buzaye, an kwance musu kaya suna dubawa. Na karya dokar farko da ta biyu a zama ɗaya. Ya bar ni har na kai tambayar sito nawa gare shi, sannan ya ɗora hannu a kan allona a hankali.

“Malam Habu,” in ji shi, “sunan mahaifina bai canja ba tun watan jiya. Sitona bai haihu ba. Wannan karo na goma sha ɗaya ke nan kana tambayata. Ka zo ka sha ruwa duk ran da ka ga dama, gidanka ne. Amma wannan takardar, na gama da ita.”

Bai ɗaga murya ba, shi ya sa na san da gaske yake.

Na kwana biyu ina juya abin, sannan na je wajen ogana da wata dabara. Na ce a raba fom ɗin biyu. Abin da ba ya canjawa, suna da sito da ma'aikata, a tambaya sau ɗaya a shekara. Na wata-wata kuwa a mayar da shi ɗan kati kamar tafin hannu: irin kaya, wata, farashi. Ogana mutum ne mai son takarda, in ya ga fayil siriri ransa ɓaci yake. Amma ya san in Alhaji ya fita, shi za a tambaya daga sama. Ya ce ya ba ni shekara biyu in gwada a yankina. “Amma ranar da na kama kuskure a katin nan naka,” in ji shi, “fom zai dawo, kuma kai za ka kai masa da hannunka.”

Alhaji ya juya katin gaba da baya, ya ce, “Shi ke nan duka?” Na ce shi ke nan. Muka zaɓi turkudi lamba ɗaya, mai siririyar saƙa, ya yanko mini ɗan ƙyalle na sa a ambulan. Daga nan kaina ya fara kumbura, na ce bari in ƙara sauƙaƙa masa. Me zai sa ma ya tashi don ni? Na sa baduku ya ɗinka 'yar jaka, na kafa ƙusa a bangon zaure na rataye ta. Duk wata zai rubuta farashi da lambobin Larabci ya jefa a ciki, ni kuma in zo in ɗauka in bar sabo. Na zaɓi safiyar Juma'a, ranar da marina da mabuga ke hutu, don kada in tare wa kowa hanya. Ko babur ba na kashewa. Sauran 'yan kasuwa suka ji labari, har mai kauɗan Bunkure ya aiko a ce mini in dawo. Abin da kawai ogana ke ƙorafi a kai shi ne katin Alhaji kullum da dauɗa yake zuwa, shatin babban yatsa shuɗi a kusurwa, har yana ɓata masa fayil.

Sai shekarar nan ta zo, wadda aka rufe boda, aka canja kuɗi, fari kuma ya sauka a arewa. Mai kauɗa ya gaya mini a fili cewa in huta da zuwa, ba mota, ba ciniki. Wani mai fitar da fata ma haka. Katunana suka yi ta raguwa, amma na Alhaji bai taɓa fashi ba. Duk wata yana cikin jaka, an rubuta shi tsaf, farashi yana nan daram, wani watan ma ya ɗan ƙaru. Na gaya wa kaina ai babban mutum ba ya rasa hanya. Gaskiya kuwa ban so in yi tunani ba ne, domin katin nan shi ne abin alfaharina. Har a taro ogana ya ɗaga shi yana nuna wa sauran ma'aikata.

Wata Litinin na kai rahoto Kano. Malam Inuwa, wanda a lokacin shi ke duba takardunmu kafin a tura sama, ya ce in jawo kujera. Ya zaro katunan Alhaji duka ya jera su a kan tebur, wata bayan wata.

“Me ka gani?”

Na ce, “Farashi bai faɗi ba.”

“Ban ce ka karanta ba. Cewa na yi ka duba.”

Na duba. Na farko duk suna da shatin yatsa. Biyar na ƙarshe fari tas, kamar yanzu aka yanko su. Mutumin da ke kwance turkudi yana naɗewa kullum ba zai riƙe farar takarda ya bar ta haka ba.

“Yaushe rabonka da ganinsa ido da ido?” in ji Malam Inuwa.

Na lissafa a raina, ya fi wata bakwai.

Washegari Talata na tafi Kura. Na kashe babur a bakin unguwa, na tsaya. Kaji na ji, da wata mata tana daka, sai kurciya. Babu bugu ko ɗaya. A ce ko sau ɗaya na zo ranar da ba Juma'a ba, da kunnena kaɗai ya isa ya gaya mini. Ni da kaina na zaɓi ranar da shiru ba ya nufin komai.

Alhaji yana zaure da mutane huɗu ko biyar, masu bugu ne da marina, suna zaune hannu sake. Na gaisa da kowa, na sha ruwa, na jira har aka yi azahar. Bayan salla na matsa kusa na ce, “Alhaji, ina da 'yar magana, ta mu biyu.” Ya dube ni, ya tashi, ya ja ni soron ciki.

Na ce, “Ranka ya daɗe, katin nan na wata biyar.”

“Me ya same shi? Farashi ka tambaye ni, farashi na rubuta maka. Wanda ya zo yau da kuɗinsa haka zan sayar masa. Ƙarya na yi?”

“Ba ka yi ƙarya ba, Alhaji. Yaushe aka zo na ƙarshe?”

Ya ciro makulli daga aljihu ya buɗe wata ƙofa. Turkudi ne naɗe a takarda, jere tun daga ƙasa har kusa da azara, ƙura ta kwanta a kan na sama. Ya ce akwai wani Buzu da ya shekara ashirin yana sauka a gidan nan, ya aiko da saƙo cewa raƙumansa sun mutu saura biyu, a yafe masa bana. Sauran ko saƙo babu. Wanda ya rasa dabba ba rawani yake nema ba.

Na ce, “To ai da ka bar katin haka, ba ka rubuta komai ba.”

Nan ne ya juyo ya kalle ni sosai. “A ina ka rataye jakar taka, Malam Habu? A zaure. Ka ga mutanen can da ke zaune? Kullum suna zuwa ne don suna ganin Alhaji Sabo bai faɗi ba, gobe ko jibi za a koma aiki. Akwai wanda ya iya karatu a cikinsu, kuma jakar ba ta da makulli. Ranar da wani ya zaro kati ya ga babu komai, kafin la'asar gari ya ɗauka. Masu bugu za su tafi kwasar tumatir a Kadawa, masaƙa su nemi wani ubangida. In an buɗe hanya, da wa zan yi aiki? Kai ka ce ka rage mini wahala. Ka rage. Amma asirina ka rataye a ƙusa.”

Ban taɓa jin kunya a wurin aiki irin ta ranar ba. Na ba shi haƙuri, na fita na cire jakar nan da hannuna, na zare ƙusar ma. Da na dawo na ce masa abu biyu nake roƙo. Zan riƙa zuwa da kaina, ranar aiki, in ba shi kati a hannu a nan soron ciki, ya mayar mini a ambulan a liƙe. Minti biyu. Kuma zan ƙara gida ɗaya a katin: an sayar a wannan wata, ko ba a sayar ba.

“Wa zai gani?”

“Ni, da Malam Inuwa, da oganmu.”

“A littafin naku fa? Ko ba a sa suna ba, kowa ya san turkudin Kura ni ne.”

Na ce zan roƙa a haɗa shi da sauran kayan saƙa na wasu garuruwa a layi ɗaya, yadda ba mai iya ware nasa. Can ya ce, “Je ka ji ta bakin ogan naka. Amma ka sani, in ka dawo mini da mai shafi goma sha biyun nan, maganata ta farko tana nan.”

A kan hanyar Kano shaiɗan ya zauna a bayan babur ɗina yana ba ni shawara. Ya ce wa ya sani in ban da kai da Malam Inuwa? Ka gyara na gaba, ka bar na baya. Da na yi haka da ba wanda zai kama ni. Amma lambobi biyar sun riga sun tafi sama suna cewa ana ciniki a Kura, alhali mutane na zaune a zaure suna kallon ƙasa, kuma da sa hannuna suka tafi.

Na shiga ofishin ogana na gaya masa komai. Ya fara faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Sannan ya jawo tsohon fom ya buɗe shafi na tara ya dangwara yatsa. “Karanta. Adadin kayan da aka sayar a wannan wata. Ga tambayar nan, kai ka yanke ta da wayonka. Me na gaya maka ranar farko?”

Na ce, “Gaskiya ne, Yallaɓai, laifina ne. Wannan tambayar bai kamata ta fita ba. Amma in ka mayar da fom, ba wanda zai amsa ta, don ba za a kai shafi na tara ba.”

Malam Inuwa yana zaune a gefe yana jinmu. Ya fita, ya dawo da tsofaffin fayiloli na zamanin fom, daga yankuna daban-daban, ya riƙa buɗe shafi na tara yana ajiyewa a gaban oga. Wasu ba a cike ba. Wasu lamba ɗaya ce aka yi ta kwafa wata da watanni, da rubutun ma'aikaci, ba na ɗan kasuwa ba. Ogana ya yi ta dubawa ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya ce kati zai zauna, da sabon gidan, kuma za a haɗa layin yadda na roƙa. Za a rubuta sama a janye lambobin nan biyar. Ni kuma za a ba ni takardar tuhuma, ƙarin girman da nake jira a shekarar ya wuce ni. Haka kuwa aka yi, abokan shigata aiki suka riga ni da shekara guda.

Daga nan duk wata ina zuwa Kura ranar Talata. Mu shiga soron ciki, in miƙa masa kati da fensir, in juya kai ina kallon bango. Ya ja layi a gidan “ba a sayar ba”, ya lashi bakin ambulan ya liƙe. Ba mu taɓa yin maganar ba. Mu fito zaure yana tsokanata a gaban jama'a, wai ɗan boko ya zo cin tuwon banza. Mutanen suka ragu, wasu sun tafi tumatir kamar yadda ya ji tsoro, amma manyan masu bugu uku ba su je ko'ina ba. Haka muka yi fiye da shekara, kati fari yana tafiya, fari yana dawowa.

Bayan an buɗe boda ma ba nan take abin ya gyaru ba, sai da damina ta yi kyau a can arewa. Wata Talata na doso gari, ina kan babur na ji kamar inji ne ke ƙara. Na kashe shi don in duba. Ba inji ba ne. Daga cikin unguwa yake tashi, biyu-biyu.

Na tarar da takalman baƙi a ƙofar zaure. Wannan karon na san aikina, na koma gindin bishiya na zauna har suka gama. Da Alhaji ya ja ni soron ciki, ya karɓi kati ya rubuta farashi, kuma bai kai wanda ya riƙa rubutawa a watannin nan biyar ba, ko kusa. Ya ja layi a gidan “an sayar”. Na miƙa hannu zan ba shi ambulan, sai ya ce in dakata. Ya ɗora katin a kan gwiwarsa, ya danna babban yatsansa a tsakiya da ƙarfi, har ya murza.

“Kai wa ogan naka,” in ji shi. “Ka ce ya yi haƙuri da dauɗa.”